Dish Ɗin da Malam Yero Ya Kafa wa Yagana

Shekara ashirin da shida katanga ɗaya ce ta raba gidana da na Malam Yero a Fadaman Mada. Sunana Obadiya, malamin firamare ne mai ritaya. Daga Bogoro na zo Bauchi aiki, ban koma ba. Shi kuwa kafinta ne, ba na gado da kujera ba, na rufin kwano. Rabin gidajen layinmu shi ya rufa su, har da cocinmu shekarar da iska ta yaye shi. Dogo ne siriri mai ɗan ranƙwafo, babban yatsansa na hagu babu farce tun ranar da guduma ta same shi yana saurayi. A majalisa ba ya yawan magana, sai dai ya yi murmushi ya gyara hula. Amma da zarar ya shiga gida sai mu riƙa jiyo muryarsa ta kan katanga yana tsokanar matarsa.

Bafulatani ne na wajen Toro, sai dai a Ƙofar Wambai ya tashi hannun kawunsa, har Fulatancin ya zube masa, sai gaisuwa da ɗan abin da ba a rasa ba. Matarsa Yagana Babarbariya ce, haifaffiyar Maiduguri. Mahaifinta fataken busasshen kifi ne, ya yi zama a Bauchi na wasu shekaru, kuma wajen rufa masa ɗakin ajiya Yero ya fara ganinta. Lokacin da aka kawo ta gidansa Hausarta ba ta wuce ta cefane ba. Ta koya, ta iya, amma har ta tsufa ba ta daina haɗa namiji da mace ba. Sai ta leƙo gidanmu ta ce da matata Matta, "Yero ba ta shigo nan ba?" Ni ba na dariya, don haka tawa Hausar take sa'ad da na zo gari.

Kowa ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari. Su biyun nan a cikin ɗaki ɗaya suka yi shi shekara talatin da takwas.

"Gana, yau kuma wace miyar bayi aka yi mana?"

"Wadda ta fi ƙarfin mai bin bayan saniya. Ci ki yi shiru."

Sau da yawa ta so koya masa yarenta, ko da 'yan kalmomi ne. Ya ce shi ba zai koyi yaren da ake yi kamar ana tauna ƙashin kifi ba, ko da za a sa masa wuƙa a wuya. Ta ce kansa ne ba zai ɗauka ba. A nan suka bar maganar, kowa na ganin shi ya ci. Allah ya ba su 'ya'ya uku, biyu suka koma tun suna goye. Khairat ce ta tsaya, ita ma da Hausa ta tashi. Yanzu tana koyarwa a Azare, can take aure.

A watan Maris na shekarar da ta wuce waccan, da hantsi, Yagana na tankaɗe a tsakar gida sai Matta ta ji faɗuwar kwano, ba ta kuma ji an yi magana ba. Ta kira sau biyu, sannan ta zagaya da gudu. Ta same ta kwance a gefen tabarma, gari a jikinta, baki ya karkace. Kwana goma sha ɗaya suka yi a asibiti. Da aka sallamo ta, ɓarin jikinta na dama ba ya motsi, ido ya raunana, amma baki ya buɗe. Tana magana, da yawa ma. Sai dai babu kalmar Hausa ko ɗaya a ciki.

Da farko Yero ya ɗauka sambatun ciwo ne. Likita ne ya ce masa ba sambatu ba ne, yarenta ne na ƙuruciya. Ya ce irin wannan ciwo wani lokaci yakan share harshen da mutum ya koya da girmansa ya bar masa wanda ya sha a nono, kuma Hausar tana iya dawowa, tana iya ƙin dawowa. Aka nemi danginta. Iyaye sun daɗe da rasuwa, yayanta ma haka, sauran kuwa rikicin can ya warwatsa su. An samu wani ɗan ƙaninta a waya, amma harshenta ya yi nauyi, layin kuma yana yankewa, yaron ya ce shi bai gane komai ba.

Haka gidan ya koma. Matta ke shiga da safe ta yi mata wanka, don tun daga asibiti Yagana ba ta yarda Yero ya taɓa ta, sai ta ture hannunsa da na hagunta ta ja mayafi. Ya ce kunyar ciwo ce, za ta wuce. Shi ke dafa mata kunu, shi ke wanke kayan shimfiɗa. Kalma ɗaya ya gane da kansa, "nji", wato ruwa. Sauran duk sai ya tsaya yana kallon bakinta, ita tana kallonsa, har ta gaji ta juya fuska bango. Na ce masa ai akwai Barebari a gari, a nemo wanda zai yi tafinta. Ya girgiza kai.

"Ticha, in kawo baƙo ya tsaya tsakanina da matata? Bayan shekara nawa? Me zan ce masa, ban taɓa koya ba?"

Wata Juma'a ya dawo daga masallaci da saurinsa, ya shigo gidana ko takalmi bai cire daidai ba. Wani ya gaya masa akwai wata tasha daga Maiduguri da ake kamawa da dish, kullum bayan la'asar tana yin shiri da Barbarci. Khairat ta taɓa gwada kunna mata irinsa a waya, amma allon ya yi mata ƙanƙanta, ba ta ko kalla ba. Talabijin kuwa suna da shi, babba, wanda surukinsa ya kawo.

"Ko ba ta ji ni ba, ta ji wani," in ji shi. "Mutum ya kwana ya tashi ba wanda ke masa magana da abin da yake ganewa, ai ko lafiyayye sai ya kwanta."

Washegari na raka shi kasuwar Wunti, shagon wani mai kayan lantarki da ake kira Ashiru. Ya ba mu dish ɗin, da risiba, da naɗin waya, da 'yar ƙwayar nan da ake ɗaurawa a gaban dish wadda suke kira elembi. Ya ce zai haɗa mu da mai kafawa. Yero ya ce a'a. Ashiru ya dube shi, ya dubi furfurarsa.

"Baba, ba hawa rufin ne wuya ba, saitin ne. Gashi ɗaya ka kauce, ba ka ganin komai."

"Rufin nan ni na yi shi, ba wanda ya taɓa hawansa sai ni. Kuma mai ɗakina na kwance, ba na son a yi ta shige da fice a kanta. Kai dai gaya mini yadda ake yi."

Ashiru ya rubuta mana lambobin tashar a bayan kwali. Ya ce a fuskantar da dish ɗin alƙibla, sannan a karkata shi dama kaɗan kaɗan, a riƙa ɗaga shi ana saukewa, wani kuma ya zauna gaban talabijin yana duba layi biyu da za su fito. Na sama ba shi da muhimmanci sosai. Na ƙasan ne, in ya cika ya zama kore, an samu.

Ranar Lahadi bayan na taso daga coci muka fara. Bazara ce, kwano ya ɗauki zafi tun kafin azahar, sai da ya shimfiɗa buhu biyu ya durƙusa a kai. Ya huda bulon da ke saman ɗakinta, ya kafa ƙarfen da zai riƙe dish ɗin, ya auna shi da igiya da dutse har sau uku don kada ya karkace. Wannan ɓangaren aikinsa ne, hannunsa bai yi gardama ba. Ni kuma muka fito da talabijin baranda, na zauna da rimot da tabarau ina shigar da lambobin Ashiru ɗaya bayan ɗaya, in na yi kuskure in goge in sake.

"Ticha, ya motsa?"

"Bai motsa ba."

"Yanzu fa?"

"Yana nan yadda yake."

Haka muka yi har magariba. Litinin ma haka. Yana sama yana juya ƙarfe, gumi na ɗiga daga haɓarsa kan kwano yana bushewa nan take, ni ina ƙasa ina ba shi amsa ɗaya. Daga cikin ɗaki muna jin Yagana tana magana da Matta, Matta na cewa "to, to, sannu" ba tare da ta san me take amsawa ba.

Talata aka ɗauke wuta tun safe, sai da na aro ɗan janareto wajen mai aski. Ran nan Yero ya sauko ya zauna ya kwance kan wayar, ya ƙura mata ido. Ashe wajen fere ta ya bar siraran zaren ƙarfen nan na gefe suna taɓa jan ƙarfen tsakiya. Ashiru ya faɗa mana kada su haɗu, mu biyun muka manta. Ya sake ferewa da reza a hankali, ya naɗe zaren baya, ya murɗa kan. Yana komawa sama ko minti goma ba a yi ba layin ƙasa ya yi tsalle. Na miƙe tsaye ina ihu kamar yaro. Muka sa risiba ta nemo tashoshi, suka zubo fiye da ɗari: Larabawa, masu wa'azi da Faransanci, 'yan ƙwallo, wata mata tana dafa abin da ban san sunansa ba. Tamu babu. Na kira Ashiru, ya yi dariya ya ce wani tauraron muka kama, namu yana gaba, a ƙara dama a ɗan sauke.

Da aka ƙara dama sai layin ya riƙa zuwa yana ɓacewa, yana zuwa yana ɓacewa. Yero ya kwanta a kan kwano ya sa ido ta bayan dish ɗin kamar mai harbi, sannan ya ɗago ya dubi wajen gidana.

"Mene ne?" na tambaya.

"Mangwaronka ne, Ticha. Reshen nan da ya haye katanga."

Bai ce in sare ba, kuma na san ba zai ce ba. Reshen cike yake da 'ya'ya, saura mako biyu su nuna. Na shiga gida na ɗauko adda. Shi ya hau ya sare, ni na riƙe igiya, Matta ta tsince ɗanyun ta ce za ta yi kwaɗo da su.

Laraba da yamma layin ya cika ya zama kore. Sai kuma wajen ɗaure noti: da ya matse na dama sai dish ɗin ya ja gefe, layin ya faɗi. Sau huɗu yana kwancewa. A ƙarshe ya riƙa matse wannan rabin juyi, wancan rabin juyi, ina kiran masa lambar da ke gefen layin, har suka kama. Ya bi katanga da wayar yana buga mata ƙananan ƙusoshi a jere kamar ɗinki, ya shigar da ita ta saman taga. Muka mai da talabijin ɗaki muka ɗora kan tebur a ƙarshen gadonta. Ni na tsaya daga bakin ƙofa.

Wani dattijo ne a allon, da babbar riga da doguwar hula, yana hira da wata mata a kan abin da na ga kamar noman wake. Yagana tana kwance fuskarta a bango. Da muryar ta fito sai na ga kafaɗarta ta tsaya. Ta juyo a hankali. Matta ta tallafe ta ta jingina da filo. Ta saurara, ta saurara, sai ta amsa wa dattijon. Ya yi wata magana, ta ce wani abu da ƙarfi kamar mai gyara masa, sannan ta yi 'yar dariya da rabin bakinta, hawaye na bin kuncin da ba ya motsi. Yero na tsaye da sifana a hannu, gwiwoyin wandonsa sun yi baƙi. Ta dube shi, ta ja mayafi ta rufe kanta sosai, ta ce, "Wushe, wushe." Wannan kam ya san ta, sannu ce da godiya. Ya fito waje ya zauna kan turmi ya rufe fuska da hularsa. Na bar shi na koma gida.

Makonnin da suka biyo baya ta farfaɗo. Ta fara cin tuwo, tana zama da kanta, in la'asar ta yi sai ta riƙa nuna talabijin. Yero ya koma fara'a, har ya ce mini yana ganin Hausar ma ta kusa dawowa, don kullum in ya shiga sai ta yi masa doguwar magana tana ambaton sunansa. "Yero" dai yana fitowa a fili a tsakiyar zancen.

Matta ce ta kawo Hajiya Falmata, ba ta shawarci kowa ba. A kasuwar Muda Lawal ta san ta, tana sayar da turaren wuta, Babarbariya ce dattijuwa mai yawan dariya. Yero ya ɓata rai da ya gan su, amma baƙuwa ta riga ta yi sallama. Muka zauna ni da shi a tsakar gida. Fiye da awa guda muna jiyo su, murya na hawa kan murya, har da tafi. Tun da Yagana ta kwanta ban ji ta haka ba.

Da Hajiya Falmata ta fito dariyar ba ta fuskarta. Ta tsaya tana gyara ɗaurin mayafi, tana neman takalminta alhali yana gabanta.

"Hajiya, me take cewa?" in ji Yero.

"Hirar gida ce, Malam. Unguwarsu, ƙawayenta."

"A'a, abin da take ce mini. Kullum tana kiran sunana."

Ta dubi Matta, ta dube ni. Yero ya ce ta faɗa, mu ba baƙi ba ne.

"Ta ce mai gyaran nan mutumin kirki ne. Ya sha rana a kan rufi saboda ita, a zuba masa abinci kafin ya tafi. Ta ce kuma tunda aikinku ɗaya da mijinta, kullum tana tambayarka ko ka san inda Yero yake. Wai ya tafi rufin wata makaranta a Dass, ya ce kwana goma zai yi, har yanzu bai dawo ba."

Na san labarin aikin Dass, ya sha ba ni. Shekarar farko ta aurensu ce. Ruwa ya tsare su, kwana goman ya zama wata guda, ya dawo ya tarar da amarya ta rame don kuka.

Can Yero ya ce, "Maman Joel, akwai sauran abinci?" Haka yake kiran Matta, da sunan ɗanmu na fari. Ta ce akwai. "Zuba mini. Ta ce a ba ni." Ta zuba masa shinkafa da wake, ya ɗauka ya je ya zauna a bakin ƙofar ɗakin inda Yagana za ta gan shi, ya cinye tas. Ban san yadda ya haɗiye ba.

Kashegari ya tafi Muda Lawal. Mako biyu yana zuwa rumfar Hajiya Falmata kowace safiya, yana zama kan benci kamar ɗan makaranta, tana faɗa yana rubutawa da ajami a bayan kwalin da risiba ta zo a ciki. In ya dawo sai ya karanta mini, ni da ban san daidai da kuskure ba. Abin da yake son faɗa bai fi jimla huɗu ba: ni ne Yero, na dawo daga Dass tuntuni, mun tsufa tare, Khairat 'yarmu ce. Harshensa ya ƙi lanƙwasuwa, ya yi ta maimaitawa yana aikin fere katako, yana maimaitawa a hanyar masallaci.

Ranar da ya shirya ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya roƙi Hajiya Falmata ta zo. Ya durƙusa gaban gadon ya faɗi jimlolinsa huɗu, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Yagana ta ƙura masa ido. Sai ta fashe da dariya, dariya sosai har da tari, sai da Matta ta ba ta ruwa. Ta yi magana tana nuna shi da hannun hagu.

Wannan karon Hajiya Falmata ba ta jira an tambaye ta ba, ta faɗa a hankali tana kallon ƙasa. "Ta ce ka ji mai gyara da wasa. Ta ce Yeronta ba ya jin Barbarci, ya rantse ba zai koya ba ko da wuƙa a wuya. Ta ce in da ka zo da Hausa kana zaginta, da sai ta yi tunani."

Sai ya gwada. Ya ce, "Gana, yau wace miyar bayi aka yi mana?" Ta dube shi, ba ta gane ko kalma ɗaya ba. Ta ga dai baƙon namiji ya matso kusa da gadonta idonsa jajir. Dariyar ta ɗauke, ta ja jikinta baya ta kama zanen Matta. Yero ya miƙe ya ja da baya har ƙofa. Bai sake gwadawa ba.

Daga ranar ya kwashe shimfiɗarsa ya koma zaure. In la'asar ta yi sai ya yi sallama a ƙofar ɗakinta, ya jira ta rufe kai, ya shiga da rimot a hannu kamar mai duba risiba, ya kunna mata tashar, ya zauna kan 'yar kujera kusa da ƙofa har a gama shirin. Ya ci gaba da zuwa wajen Hajiya Falmata, yanzu don ya gane abin da ake ce masa. A hankali ya fara tsintar zancen. Saƙo take ba shi. A gaya wa Yero damina ta kusa, ɗakin girki na yoyo. A gaya masa ta gama ɗinkin hular. A gaya masa kada ya hau rufi in kwano ya jiƙe, ta san halinsa. Shi kuma ya koyi amsa guda: ya ji, ya ce yana nan tafe. In ya faɗa sai ta gyaɗa kai ta koma kallonta.

Wata rana muna zaune a ƙofar gida ya ce, "Ticha, kai mai karatu ne. Wannan da nake gaya mata, ƙarya ce?"

Na ce ban sani ba. Har yau ban sani ba.

"Shekara talatin da takwas tana magana da yarena," in ji shi. "Ko mafarki ta yi da Hausa take ba ni labari. Ni kuwa ko sunan gishiri ban tambaye ta ba. Na ɗauka wasa muke yi."

A watan Yuni aka yi ruwa da iska mai ƙarfi da rana tsaka, dish ɗin ya juya, allo ya koma shuɗi. Ruwan bai gama ɗaukewa ba na ji ana jan tsani. Na fito na ce ya bari kwano ya bushe. Ya ce la'asar ta kusa. Ya hau, santsi ya kwashe shi, gefen kwano ya tsaga masa ƙwauri, Allah ya sa ya kama ƙarfen da ya kafa. Ya ɗaure wurin da hularsa ya ci gaba, ina ƙasa da lema ina leƙen talabijin ta taga ina kiran masa lamba. An fara shirin da minti kaɗan hoton ya dawo. Sai bayan an gama ya yarda muka je kemis aka ɗinke.

Yagana ta rasu a watan Agusta, ranar Talata da hantsi. Khairat ta zo hutu, ita ke zaune da ita. Ta ce tun safe uwar ke magana, doguwar magana a natse, tana riƙe da hannunta, ba ta tsaya ba sai da numfashi ya fara sarƙewa. Yero yana tsakar gida yana gyaran ƙafar benci. Da Khairat ta ƙwala kira ya zo da gudu, amma a bakin ƙofa ya tsaya ya yi sallama, don kada ta firgita. Kafin ya ƙarasa gadon an gama.

A zaman makoki Khairat ta ja Hajiya Falmata gefe, ta yi ƙoƙarin maimaita mata sautukan da ta riƙe daga maganar ƙarshe. Hajiya ta sa ta sake faɗa sau uku, ta girgiza kai ta ce ba ta iya fitar da komai ba. Yero na jin su daga inda yake zaune. Carbinsa kawai yake ja.

Bayan arba'in ya hau ya kwance dish ɗin da kansa, ya naɗe wayar, ya sa a Keke Napep ya kai wa Hajiya Falmata, ya kafa mata a gidanta. Wannan karon yini ɗaya ya ɗauke shi. Shi ne rufi na ƙarshe da ya hau. Ƙafar da ta tsage ba ta warke da kyau ba, ga shi ba ya cin abinci sai Matta ta tsaya a kansa. Khairat da mijinta suka yi ta lallashi har ya yarda zai koma Azare wajensu.

Ni da Matta muka raka shi tasha. Kayansa jaka ɗaya ce da akwatin kayan aiki, wanda direba ya ce ya yi nauyi, shi kuma ya ce ba ya tafiya sai da shi. Ya ba ni makullin gidan, ya ce akwai kaji biyu da suka ƙi kamuwa, in sun shigo wajena in riƙe. Ya gode wa Matta, ya fara wata magana ya kasa ƙarasawa, ita ma ta juya baya. Aka ba shi gaban mota saboda ƙafar. Muna tsaye har motar ta cika, wajen awa guda, in mun haɗa ido sai ya ɗaga mini hannu.

Muna waya da shi duk ranar Lahadi da yamma. Yakan tambayi mutanen layi ɗaya bayan ɗaya, wa ya rasu, wa ya aurar, gidan wa ke yoyo. Khairat ta ce jikokin na jin daɗinsa, ya gyara musu duk kujerun gidan har da na maƙwabta, amma ba ya daɗewa a falo, ya fi son zama a waje. Gidan nasa wata ma'aikaciyar jinya ce a ciki yanzu, ita da 'ya'yanta biyu. Mutanen kirki ne, muna gaisawa.